Atishawar Tsohuwa a Babi na Huɗu

A babi na huɗu na littafin da nake rubutawa akwai wata tsohuwa da ta faɗi a tsakar gida ana cikin biki. Ta yi ta magana da muryar da ba tata ba, hannuwanta a dunƙule kamar marar yatsu. Can sai ta yi atishawa, matan da ke kanta suka sauke ajiyar zuciya, ɗaya ta ce a kawo ruwa. Iyakar abin da na rubuta ke nan. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don a zatona kowane Bahaushe ya san abin da ya faru.

Mutum uku na gwada wa babin. Ta farko ƙanwar matata ce, tana jami'a a Katsina, kuma ta fi ni cinye littattafan Hausa, sai dai a waya take karanta nata. Ta ce, "Yaya, labarin ya yi daɗi, amma mura ce ta kama tsohuwar? Me ya sa suka yi murna don ta yi atishawa?" Na biyu abokina ne, mushe, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko da ke Matamaye, can tsallaken iyaka. Shi dariya ya yi, ya ce, "Kuturu ne ya hau ta, atishawar kuma saukarsa ce. Ai ka ma cika bayani. Dunƙule hannun nan kaɗai ya ishe ni." Ta uku Gwaggo ce, yayar mahaifina. Ba ta karatun boko, don haka ni na karanta mata bayan la'asar, tana tsintar wake a faifai. Da na kai ƙarshe ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Sannan ta ce, "A'uzu billahi. Ɗan nan, wa ya gaya maka wannan? Mu dai ba mu san shi ba."

Na san ta sani. Ina yaro na sha jin ana cewa kakarta tana da wani akwatin kaya da ba a buɗewa sai dalili ya kawo.

Garinmu Kongolam yake a takardun hukuma, mu kuwa Kwangwalam muke cewa. Yana cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa, a bakin iyaka, kan hanyar da ta taso daga Daura ta bi Ɗan Barto da Matamaye ta nufi Damagaram. Wanda ya tsaya wajen shingen kwastan da safe zai ga 'yan uwan juna suna gaisawa, wannan da naira a aljihu, wancan da sefa. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, aure a tsakani. Amma shafi ɗaya na ba mutanen hanyar nan su uku, ɗaya ta ce bai isa ba, ɗaya ya ce ya yi yawa, ɗaya ta ce a rufe maganar. Abin da ya tura ni tonon yadda aka yi sanin iskoki ya rarrabu haka ke nan, don marubucin da bai san abin da ke cikin kan mai karatunsa ba, harbi yake yi a duhu.

Na fara da abin da kowa ya sani, wato rijiyar Kusugu. Babu yaron firamare a ƙasar Daura da ba zai zayyana maka labarin ba: Bayajida ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je ya sare kan macijin, ya auri Daurama, aka haifi Bawo. Rijiyar tana nan a cikin birni, an gina mata ɗaki, baƙi suna zuwa su sha ruwanta. Idan na sa Kusugu a labari ba na bukatar bayanin komai. To amma na taɓa tambayar 'yan ajin da nake koyarwa, me ya sa gari guda ya zauna yana bin dokar maciji, har ana kiransa Sarki? Me ya hana mazan garin su taru su kashe shi tun kafin baƙo ya zo? Aji ya yi tsit. Wani ya ce tsoro. Wasu masana tarihi suna ganin labarin yana ɗauke da ɓurɓushin tsohon addini, lokacin da rijiya da abin da ke cikinta abin girmamawa ne, yana da ranarsa da ƙa'idarsa, kuma sare kan nan alama ce ta sauyin mulki da na bauta gaba ɗaya. Ko mutum ya yarda da wannan fassara ko bai yarda ba, yaran sun riƙe takobi da jarumi, sun saki tambayar da ke ƙarƙashi. Irin wannan sanin shi ya fi ruɗin marubuci, don mai karatu zai gyaɗa kai ka ɗauka kuna tare.

Tsoffin littattafanmu ba su ɓoye komai ba. Tarihin Kano ya kawo Barbushe da dutsen Dala da Tsumburbura, ya faɗi baƙaƙen dabbobin da ake kaiwa yanka. Ya kawo zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, da yadda masu tsafi suka yi ta ja da masu salla. Ya kawo Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka, har Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, ya sa aka fasa shi. Ƙarnuka aka yi abubuwan biyu suna zaune gida ɗaya. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, a cikin Nurul Albab ya lissafa irin ayyukan da yake yaƙa, har da yanka ga itatuwa da duwatsu da bugun ƙasa. Wanda ya karanta wannan jeri zai gane cewa masu sauraron Shehu ba su bukaci a fassara musu ko ɗaya ba, abin da suke gani ne a bayan gida. 'Yarsa Nana Asma'u ta fahimci ƙarfin abin a wajen mata, shi ya sa da ta kafa 'yan taru ta ba jajinta, wato jagorar matan, malfa, irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, take sawa. Ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani ta juya ta zuwa karatu. A ganina babu marubucin Hausa da ya kai ta iya auna abin da ke kan masu sauraro.

A nan ne tarihin Daura ya bambanta da na Kano da Zariya. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi birnin da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyar Haɓe ba ta ɓace ba, ta kafa sarauta a Zango da Baure, ƙarƙashin inuwar Damagaram, wadda ba ta taɓa shiga hannun Sakkwato ba. A 1906 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da tsohon gida kan gadon Daura. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1906 da 1908, jami'an Faransa da Ingila, Tilho da O'Shee, suna bin daji suna kafa alamun iyaka daga Kwara zuwa Tafkin Cadi. Layin da suka ja shi ya ratsa ta bayan garinmu. Arewa da shi akwai ƙasashen da jihadi bai zauna ba: Damagaram, da Maraɗi inda Katsinawan da suka ƙi mubaya'a suka kafa gari, da Tsibiri ta Gobirawa. A Maraɗi sarautar Iya, wadda 'yan bori ke ƙarƙashinta, ta ci gaba a cikin fada. Abokina mushe bai fi ƙanwar matata kaifin kai ba. Ya dai girma ne a inda ake jin goge da dare ba a ɓoye ba, ko da yake shi ma ya ce yanzu abin ya ja baya ƙwarai a wajensu.

Kuma abin da aka sani ɗin ba ɗan kaɗan ba ne. Bori duniya ce mai tsari. Iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarkinsu, Sarkin Aljan Sulaimanu, da gidaje goma sha biyu kamar yadda 'yan borin Kano suka lissafa wa mai bincike Fremont Besmer, wanda littafinsa ya fito a 1983. Akwai auratayya a tsakaninsu, akwai riƙo, akwai wasan taubasai. Kowane iska yana da kiɗansa da kayansa da dabbar da ake yanka masa da cutar da yake sawa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da turare, ga kyauta ga caca. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da tasbaha. Sarkin Rafi mahaukaci ne mai duka. Inna, wadda ake ce wa Doguwa ko Bafilatana, ita ke shanye ƙafa da hannu. Namijin da iska ke hawa doki ne, mace goɗiya. Wanda cuta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ana yi masa girka, ya kwana ya tashi a hannun masu abin har ya san iskokinsa su san shi. Mai garaya da masu buta, ko mai goge da masu ƙwarya, su ke kiran kowane ɗaya da taken da aka san shi da shi. Mace tana zaune a bakin fili, da ta ji an sauya kiɗa ta san wanda ke tafe tun kafin goɗiya ta motsa. Jangare ma tana karɓar baƙi. Wajen 1925, a yankin Filinge, aka fara ganin Babule, iskokin da ke zuwa da siffar sojan Faransa, masu fareti da wasa da wuta, abin da ya tayar wa hukumar mulkin mallaka hankali har ta kama mutane. Su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a Ankara ta ƙasar Gana a tsakiyar shekarun 1950.

Wani abin takaici, ko in ce abin dariya, shi ne yawancin wannan da na jero a littattafan Turawa na fara ganinsa a rubuce. Tremearne ya bi Hausawan Tunis da Tarabulus, bayi da 'ya'yan bayi da suka haye Sahara da iskokinsu, ya fitar da littafi a kan bori a 1914. Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, nasa ya fito a 1946. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, tana ambaton bori kamar yadda take ambaton kitso da suna, ba ta tsayawa neman gafarar kowa. Daga baya malamanmu na jami'a, irin su Aliyu Muhammad Bunza, suka zurfafa a kan magani da al'adun Bahaushe da harshen Hausa. Amma ni da aka haifa tafiyar 'yan mintoci daga Kusugu, sai da na je ɗakin karatu na jami'a kafin in san sunan abin da ke cikin akwatin kakar Gwaggo.

Su kuwa ƙagaggun labaranmu tun farko wata hanya suka bi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, aka kuma samu Jiki Magayi a wannan zubi. Akwai aljannu a Ruwan Bagaja, akwai su birjik a Ganɗoki. Amma in ka dube su da kyau, dangin aljannun Dare Dubu da Ɗaya ne, wanda Frank Edgar ya fitar da Hausarsa a 1924: masu ɗaukar mutum su tashi sama, masu birane a bayan teku. Abubakar Imam da Bello Kagara, marubutan Ruwan Bagaja da Ganɗoki, 'ya'yan malamai ne, littattafan kuma makaranta aka nufa da su. Ba za su sa Ɗan Galadima ya hau matar wani a shafin da ɗan firamare zai karanta ba. Jiki Magayi ne ya fi kusantar ƙasa, inda Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan wanda ya ƙwace masa Zainabu. Ko a can marubutan ba su tsaya koyar da kowa mene ne sammu ba, don masu karatun 1930 da wani abu sun san shi kamar yunwar cikinsu. Ta haka aka wayi gari aljanin littafi daban, iskan tsakar gida daban. Na littafi ya yi ta haihuwa har ya kai ga littattafan yaƙi da matsafa da suka cika kasuwar Kano daga baya. Na tsakar gida kuwa bai samu mai rubuta shi ba, ya dogara da baki, bakin kuma aka zo aka rufe.

Rufewar ba rana ɗaya ta faru ba. An kafa Izala a Jos a 1978, wa'azi ya yawaita a kasuwa da kaset. Makarantun Islamiyya na matan aure suka buɗe ko'ina, kuma mata su ne rumbun wannan sani tun asali. Ruƙiyya ta bazu a shekarun 1990, wanda a da za a kai wa mai garaya yanzu malami ake kira ya yi masa karatu, a ba shi habbatus sauda da man zaitun. A 2000 jihar Katsina ta bi sahun masu aiki da shari'a, kiɗan bori a fili ya zama abin da ake kai ƙara a kansa. Ban kawo wannan don kuka ba. Ni ma ɗan Islamiyya ne, kuma da 'yata za ta faɗi yau, malami zan kira. Abin da ya shafe ni a matsayin mai rubutu shi ne cikin shekara talatin kacal an samu tsara guda da ba ta taɓa ganin hawa da idonta ba.

Gurbin bai zauna fanko ba, fim ya cike shi. Tambayi yaro ya siffanta maka boka, zai ce mutum ne a cikin kogo, da jan ƙyalle da ƙaho da kwalli rambaɗau, yana ƙyaƙyata dariya yana kiran mace "ke la'ananniya". Bokan da na sani ina yaro dattijo ne mai shimfiɗa buhu a kasuwar Mai'aduwa, gabansa sassaƙe da saiwoyi da ƙullin gari a tsumma, yana salla a sahun gaba, mafi yawan masu zuwa wajensa basir da shawara ke damunsu. A kan ƙanwar matata, boka da ɗan bori da malamin tsibbu da maye da matsafi duk mutum ɗaya ne. A wajen Gwaggo kuwa sana'o'i ne mabambanta, har ba sa shiri da juna, maye ma ba sana'a ba ce, gado ne da ake tsoro. To in na rubuta "boka" a shafi, wanne daga cikin biyun zai tashi tsaye a kan mai karatu? Ba ni da iko a kai sai in na nuna buhun da saiwoyin.

Duk da haka kada a ce yaran yanzu ba su gaji komai ba. Abin yana bakinsu, ba su dai san shi ba ne. Shekara da shekaru ma'aikatan lafiya suna bin gida gida a Kwangwalam da akwatin ƙanƙara suna ɗiga wa yara maganin shan inna, rediyo yana ta shela, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta kau daga Afirka. Mutum nawa ne cikin masu faɗin sunan suka san wace ce Innar da ke shan? Uwa takan ce yaronta yana bori in ya kwanta yana birgima. Wanda aka kama da laifi ya hau faɗa, borin kunya yake yi. Ɗan iska da iskanci kullum suna bakin mutane. Tsohuwa ba za ta zuba ruwan zafi a ƙasa ba sai ta yi bisimilla, kuma ko ɗan jami'a ba ya son zama gindin tsamiya da tsakar rana, in ka tambaye shi dalili ya ce haka kawai. Da na gaya wa ƙanwar matata asalin shan inna sai ta dafe baki. Ban koya mata sabon abu ba, ƙofa na buɗe mata a ɗakin da take ciki tun haihuwa. Na lura wannan shi ne bayanin da mai karatu ba ya jin haushinsa.

Da farko na yi abin da malamin makaranta zai yi: na ƙara sakin layi biyu bayan atishawar, na bayyana Jangare da gidajenta da ma'anar doki da goɗiya. Na aika wa mushe. Ya maido mini da saƙon murya, yana cewa, "Malam, tsohuwa tana kwance a ƙasa ka bar ta ka shiga aji." Gaskiyarsa. Na goge. Sai na tuna cewa a kowane gidan biki na yanzu akwai mutanen nan uku a zaune, don haka na shigar da su cikin labarin. Na sa wata yarinya 'yar makarantar kwana a bakin ƙofa tana tambaya me ya samu Iya. Na sa wata baƙuwa daga Kance, can tsallaken iyaka, ta amsa mata da kalma ɗaya, sunan iskan, ba ƙari. Na sa uwar gida ta daka musu tsawa ta ce ba a wannan magana a gidanta, alhali ita ce ta fara cire kaifi da wuta daga kusa da tsohuwar tun kafin kowa ya motsa. Wanda ya sani zai ga hannun uwar gida ya gane. Wanda bai sani ba yana da yarinyar da zai tsaya a bayanta. Sunayen iskoki na bar su tsirara, ban fassara ko ɗaya ba, amma duk wanda na ambata sai na ba shi abin da ido zai kama: turare, ko tari, ko dunƙulallen hannu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na koma wajen Gwaggo da sabon babin. Na ce, "Gwaggo, in karanta?" Ta ce ita ba ruwanta, amma ba ta tashi ba. Na karanta har inda tsohuwa ta yi atishawa aka ce a kawo ruwa. Sai na ji ta yi tsaki.

"Haka za ku bar ta kai a buɗe, jama'a na kallo? Zane ake fara lulluɓa mata. Ruwa sai ta dawo hayyacinta."

Na ɗauki biro ina rubutawa a gefen takarda. Ta dube ni, ta dubi biron, ta ce, "Astagfirullah. Kada ka ce ni na faɗa." Ta jawo butarta ta nufi bayan ɗaki, don an fara kiran magariba.